Kwanon da Ba Na Bari Ya Koma da Saura

Ban taɓa sanin nauyina ba sai da na haura shekara hamsin. Mu a bakin ruwa ido ke auna mutum, kuma ido ya daɗe da yanke mini hukunci. In na shiga kwale-kwale sai matuƙi ya ce in zauna tsakiya, in na sauka a kan benci sai wanda ke ɗaya gefen ya gyara zama. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don ni ma bakina ba ya barin kowa. Sana'ata gyaran injin jirgi ce, a wata rumfar kwano a bakin ruwan Yelwa. Shekara kusan talatin ina zaune wuri ɗaya, injuna na zuwa suna samuna daga Wara, daga Shanga, daga tsibirai, masu suyar kifi kuma suna dama da hagu da ni.

Abin da ya kai ni asibiti wani kumburi ne da ya fito mini sama da cibiya. Da fari bai fi ƙwan zabo ba, in na danna sai ya koma. Na yi shekara biyu ina danna shi ina ci gaba da harkata. Wata rana da hantsi na cicciɓi wani inji, sai abin ya fito ya ƙi komawa. Na yi amai, na yi gumi, na kwanta a ƙasan rumfa ina kiran sunan Allah, sai da kyar ya lafa. Mai ɗakina ta ce in ban je asibiti da ƙafata ba za ta sa a ɗauke ni a amalanke.

Likitan ya duba ya ce ƙaba ce, kuma ba ta da magani sai aiki. Sannan ya ce in hau sikeli. Kilo ɗari da talatin da ɗaya. Ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce, "Malam, in na yi maka aiki a kan wannan cikin, ɗinkin zai iya ɓallewa ta dawo ta fi da. Ka sauke mini kilo goma sha biyar zuwa ashirin tukuna. Amma ka sani, in ta sake shaƙewa ta ƙi komawa, dole mu yanka ka a yadda kake, kuma ba na son mu kai ga haka."

Ya tura ni wurin wata malamar asibiti mai kula da abin da marasa lafiya ke ci. 'Yar garinmu ce, ta kai sa'ar ƙanwata. Ita ta fara gaya mini kalmar kalori. Ta ce ma'auni ne na ƙarfin da ke cikin abinci, jiki yana ƙona abin da yake buƙata, abin da ya rage ya adana shi kitse. Na ce mata ai wannan zancen fetur ne, ta bar shi haka na gane. Ta ce to tunda na gane, in rage kaɗan daga abin da ke shiga kullum, in riƙa tafiya da ƙafa, in sa ran rabin kilo a mako.

Na yi lissafi a zuci na ga abin zai kai ni kusan shekara. Na yi mata godiya irin ta wanda bai ji ba. Ni da nake tada injin da ya yi wata uku a ƙarƙashin ruwa cikin yini biyu, a ce in zauna ina tsintar rabin kilo? Kuma ni ba ma ashirin ɗin likita nake hange ba. Jikina na samartaka nake hange, lokacin da nake ninƙaya daga gaɓa zuwa inda jirage ke tsayawa ban huta ba. Na ba kaina wata uku in koma kilo saba'in da biyar. Na kuma gargaɗi mai ɗakina kada kowa ya ji zancen ƙabar nan, don na san abin da na yi wa wasu da bakina a kan irin wannan ciwo.

Dabarar da na yanke ita ce in daina karin kumallo, in daina cin rana, in ci sau ɗaya tak da yamma. A ganina wanda ya mayar da ci uku ya koma ɗaya ai ya gama magana.

Cin nan ɗaya kuwa a wurin ciyayya nake yinsa. A layinmu mu shida ne magidanta, kuma tun kafin in yi aure na tarar da al'adar: dab da sallar magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan tela, kowane gida a fito da kwano ɗaya, a jera a tsakiya, in an idar da salla a ci tare. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma kowa ya san kwanon da ya koma cikin gida a share, matar gidan ta kwana da farin ciki, wanda ya koma da tuwo a ciki kuwa, gobe da safe mata sun samu abin tattaunawa a bakin famfo. Ni ne mai share kwanuka. Kowa in ya ƙoshi sai ya turo mini, ni kuma ina jin kaina mai rufa wa matan layi asiri.

Akwai kwano ɗaya da ya fi kowanne buƙatata, na Baba. Baba tsohon masunci ne, Bakambare daga wajen Ngaski, ya zauna a layinmu tun ina yaro. Kirista ne, in mun shiga salla shi ke zama yana kore awaki daga kwanuka. Matarsa ta rasu shekara uku kafin wannan lokacin, 'ya'yansa kuma duk suna nesa. Mun roƙe shi ya riƙa zuwa hannu sake, ya ce shi bai taɓa zama kan tabarmar mutane ba kwano ba, ba kuwa zai fara da tsufa ba. Sai ya koma girki da kansa.

Allah ya sani ina ƙaunar Baba, amma tuwon nan nasa jarrabawa ne. Na masara ne, wani gefen ya ƙone, wani gefen gari ne tsagwaronsa, gudaji kamar tsakuwa. Miyar kuwa manja ce ke iyo a kai, yatsa biyu, don a tunaninsa mai shi ke gyara kowace ɓarna. Sauran mutane sukan yi loma ɗaya don kara su janye hannu. Ni kuma ba na iya kallon tsohon nan ya ɗauki kwanonsa da nauyi ya koma gidan da ba kowa. Sai in jawo shi gabana, in ce, "Baba, yau kam miya ta yi," in tashi da shi tas. Na lura ma kwanon yana ƙara cika a kwana a tashi, amma ban kawo komai a raina ba.

Haka na yi wata guda. Da rana ina jiri, har na taɓa barin ƙusa a cikin injin wani mutumin Shanga sai da na sake kwance shi. Na zama mai faɗa, mai ɗakina ta ce ko sannu ta yi mini sai na nemi abin da take nufi. In magariba ta yi kuwa, sai in zo tabarma da yunwar yini guda, ba na ko jin hirar da ake yi. A ƙarshen watan na je injin casar shinkafa na wani abokina, na jira ma'aikata suka tafi cin abinci, na hau sikelin da suke auna buhu. Kilo ɗaya ya ragu. Na sauka, na cire takalmi da hula, na sake hawa. Kilo ɗaya dai.

Na koma wurin malamar nan a fusace, na ce mata lissafinta bai aiki a jikina, sau ɗaya nake ci amma ga shi. Ba ta yi gardama ba. Ta ce in zauna in faɗa mata abin da na ci jiya, loma bayan loma. Na fara ƙirga da yatsa: malmala biyu a kwanon gidana, ɗaya da rabi a na tela, shinkafa da wake a na wani direba maƙwabcinmu, dambu, sannan kwanon Baba duka, wanda shi kaɗai ya kai malmala uku. Kafin in kai ƙarshe muryata ta yi ƙasa.

"Yaya," in ji ta, "jikinka bai san sau nawa ka zamna ba, abin da ya shiga shi ya sani. Abincin mutum huɗu kaka ci a zama guda. Cokali ɗai na mai ya wuce kalori ɗari, kai ko ga miya ta manja ludayi nawa kaka sha?"

Ta ce in koma cin safe da na rana, kaɗan-kaɗan, don kada in riƙa isa yamma kamar wanda aka sako daga ɗaure. Da yamma malmala ɗaya da rabi, miyar ganye da yawa, kifi, mai ɗan kaɗan. Ta sake maimaita rabin kilon nan nata, wannan karon na saurara.

Da yamma na je tabarma na ci daga kwanon gidana, na taɓa na kowa loma ɗaya, na wanke hannu. Aka dube ni. Na ce cikina ne ba ya mini daɗi. Baba ya ɗan turo kwanonsa wajena da bayan hannu, na yi kamar ban gani ba. Da aka tashi ya ɗauki abinsa kusan yadda ya kawo shi, ya rufe da faifai, ya yi sai da safe. Washegari haka, jibi haka. Rana ta huɗu muka fito daga masallaci muka tarar da akuya ta tura baki cikin kwanon direba. Baba bai zo ba.

Mako guda bai zo ba. A makon nan sikeli ya nuna na sauke fiye da kilo ɗaya, abin da ban samu ba a watan yunwa, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Tela, wanda ba ya ɓoye magana, ya ce mini, "Kai ka kore tsohon ga. Shina zaton ka ji wani abu game da tuwonai." Na gane abin da yake nufi. A wurinmu in mutum ya saba cin abincinka ya daina rana tsaka ba dalili, ba ƙoshi ake zargi ba. Ko dai ya fara ƙyamarka, ko an gaya masa kana sa masa wani abu. Kuma Baba shi kaɗai ne ba Musulmi ba a tabarmar, na san irin tunanin da zai zo masa.

Na yi niyyar in aika a ce ya dawo, in ci gaba da share kwanon, abin da Allah ya yi ya yi. Sai a makon nan kumburin ya sake fitowa ina sunkuye ina ɗaura takalmi, ya yi mintoci bai koma ba. Na zauna a bakin gado na riƙe shi ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan ruwa ba. Da ya koma, na san ba ni da zaɓi sai ɗaya, in buɗe bakin nan nawa.

Ran Lahadi da la'asar na same shi a gindin mangwaron gidansa yana ɗinkin koma, ragar nan tasa ta kamun kifi. Ya amsa gaisuwata bai ɗago kai ba. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na ɗage rigata na nuna masa. Na gaya masa komai, maganar likita, sikelin shinkafa, malmalar da na ƙirga, da cewa kunya ce ta hana ni faɗa.

Ya daɗe yana kallon cikina. Sannan ya ajiye allurar, ya ce, "To kai da ciwo gare ka, don mi kaka cinye min tuwo dut?"

Na ce, "Baba, don kada kwanonka ya koma da saura."

"Ba don daɗi ba?"

Na sosa ƙeya. Sai tsohon nan ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har ya share ido da gefen riga.

"Ɗana, ni na san tuwon ga ba shi ciwuwa. Ni kaina ban cin shi, kunu nika sha in kwanta. Tun wata na biyu na so in bari. Sai in ga yadda kaka hwaɗa mishi, in ce yaron ga ba a ba shi abinci gida, matatai na horon shi, shina jin kunyar hwaɗi. Shi ya sa nika ƙara gari, in ƙara manja. Bayana har ciwo shika yi wurin tuƙi."

Shekara uku ke nan yana tuƙa tuwon da ba ya so don ya rufa mini asiri, ni kuma ina haɗiye shi don in rufa masa. Na zauna a kan tushen mangwaron na yi dariya ina dafe da cibiya kada ƙabar ta fito. Rabon da in ji ƙirjina ya yi sauƙi haka tun ranar da na fara zuwa asibiti. Da na koma gida na gaya wa mai ɗakina irin zaton da aka yi mata, ta ce a gaishe da Baba, kuma ita ma tana da nata bayanin da za ta yi masa.

Washegari Baba ya dawo tabarma da kwanonsa. Ba tuwo a ciki. Kifi ne ya gasa a kan garwashi, da gishiri da barkono da ɗan lemun tsami, abin da ya iya tun yana yaro a cikin jirgi. Kafin in miƙa hannu sau biyu an tashi da shi. A nan na gaya wa sauran gaskiya. Sun rama duk tsiyar da na taɓa yi musu, direba ya yi mako yana tambayata ko jaririn yana motsi. Amma daga ranar ba wanda ya sake turo mini kwano, kuma tela da kansa ke yanka mini malmala ɗaya da rabi ya ajiye a gefe, ya ce ba a yarda da hannuna ba. Saura kuwa ya riƙa komawa cikin gidaje, ba matar da ta mutu saboda haka. Wasu ma rage tuƙi suka yi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin labari, don ba abin da ya faru sai kwanaki. Na daina hawa kabu-kabu zuwa rumfa, nakan taka da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na daina ɗaga inji. Na roƙi masu suya su daina miƙo mini ɗanɗano, suka ji haushi na kwana biyu suka manta. Wani makon rabin kilo, wani makon ba komai. Da azumi ya zo na sa rai zan zube, sai ga shi na ƙara kilo ɗaya, don ƙosai da kunun buɗa-baki ba su san ana rage ƙiba ba. A wata na shida abin ya tsaya cik, mako biyar sikeli bai motsa ba, har na fara zargin abokina da taɓa shi. Malamar ta ce ba laifin sikeli ba ne, jikin da ya ragu ba ya cin mai kamar da, abin da ya isa ragi a farko yanzu ya zama daidai wa daida. Ta ce in ƙara tafiya, in rage sukarin shayi, in kuma daina hawa sikeli kullum kamar mai jiran saƙo. A cikin watannin nan na sallama wa kilo saba'in da biyar. Ba rana ɗaya na sallama ba, a hankali na lura na daina tuna shi.

A wata na goma sha ɗaya na hau sikelin asibiti ya nuna ɗari da goma sha uku. Likita ya danna cikina nan da can, ya sa aka auna jinina, ya jawo takarda ya rubuta ranar aiki. Na ce, "Likita, amma fa ban rame ba." Ya ce, "Ban ce ka rame ba. Har yanzu kai ƙato ne, amma ƙaton da zan iya yi wa aiki hankalina kwance."

Aka yi aikin lafiya, ɗinki ya kama. Na yi makonni a gida ba na fita, ina kwance a zaure, mutane na shigowa dubiya. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Ashe dai jikin na nan," da nufin ya ƙarfafa mini gwiwa. Ni kuma abin sai ya riƙa sosa mini rai. Kusan shekara ina fama, ga shi ko wandona ba a rage wa ƙugu ba sai da ɗan kaɗan.

Wata safiya Baba ya shigo ya zauna a bakin tabarmata. Na yi masa wannan ƙorafin, na ce duk wahalar nan kilo goma sha takwas kawai na sauke, abin da ido ma ba ya gani.

"Sha takwas?" ya ce. Ya ware hannuwansa a hankali, yana ƙara buɗawa, har ya tsaya inda ya gamsu. "Giwan ruwa na sha takwas kamar haka shike. Na taɓa kama irinai ina da ƙarhina, na saɓo shi daga bakin ruwa zuwa kasuwa. Sau ukku ina aje shi ina hutawa."

Na dubi tazarar da ke tsakanin hannuwan nan nasa, ta kusa faɗin ƙofar zauren. Da nauyin kifi irin wannan nake tashi, da shi nake ruku'u, da shi nake hawa gangaren bakin ruwa shekara da shekaru, ban taɓa samun inda zan ajiye shi in huta ba. Na gyara kwanciya, na ja numfashi har ƙasan ciki, ba abin da ya ja ni.